Bayan Daina Shan Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Yadda Za Ki Bi Jikinki Har Ki Tabbatar Ko Ciki Ne

Da wuya mako ya wuce ba a tambaye ni ko canjin da mace ke ji bayan barin ƙwayar tazarar haihuwa ciki ne ba, ko a ɗakin awo ko a gidan suna ko ta waya da dare. Kwanan baya wata matashiya daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ta zo da tsinken gwajin ciki guda uku a ƙulle cikin baƙar leda, kowanne da layi ɗaya, ta shimfiɗa su a kan tebur ta ce: "Malama, kwana goma sha biyu ke nan da nib bar shan magani, ƙirjina na ciwo, zuciyata na tashi, ko ciki na?" Ta kashe kuɗinta sau uku a kwanakin da babu tsinken da zai iya nuna komai, kuma ta kwana uku ba barci. Abin da na gaya mata shi ne zan faɗa a nan dalla-dalla. A watanni ukun farko bayan barin ƙwaya, jikin mace yana yin abubuwan da suka yi kama da na shigar ciki ko da babu ciki, saboda haka lissafin kwanaki da gwajin da aka yi a kan kari su ne ke raba gardama.

Kayan da za ki tanada

Ƙaramin littafi ko kalandar bango da biro, ko manhajar lissafin al'ada a waya idan kin iya aiki da ita. Tsinken gwajin ciki guda biyu ko uku, wanda ake samu a kowane kemis da 'yan ɗaruruwan naira. Ƙaramin kofi ko kwalba mai tsabta da za ki keɓe domin fitsari. Ƙwayar folic acid, wato bitamin da ake bai wa masu shirin ɗaukar ciki. Sai kwalin maganin da kike sha, wanda za ki ajiye ko da ya ƙare, domin duk ma'aikaciyar lafiyar da za ki je wurinta sunansa za ta fara tambaya. Shawara a sashen tazarar haihuwa na asibitocin gwamnati kyauta ce bisa tsari, ko da yake akan biya kuɗin kati. Gwajin jini da hoton ciki su ne masu cin dubbai, kuma farashinsu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ki tambaya kafin a rubuta miki.

1. Ki san wace irin ƙwaya kike sha

Ƙwayoyin da ake sha kullum iri biyu ne. Akwai mai sinadari biyu, irin su Microgynon da Levofem da Combination 3, wadda katinta kan zo da ƙwaya 28: guda 21 masu magani, sai guda 7 masu wani launi daban waɗanda ba su da maganin hana ɗaukar ciki, kuma a kwanakinsu ne jini ke zuwa. Akwai kuma mai sinadari ɗaya, irin su Microlut da Excluton, wadda aka fi bai wa masu shayarwa, kuma duk ƙwayoyin katinta iri ɗaya ne, ba a hutawa. Dukansu biyu suna barin jiki cikin 'yan kwanaki bayan ƙwayar ƙarshe. Ba sa taruwa a mahaifa, ba sa ƙona ƙwai, kuma wadda ta sha shekara biyar da wadda ta sha wata biyar duk ɗaya ne wajen dawowar haihuwa.

Gargaɗi: Idan allura kike yi, wannan lissafi ba naki ba ne. Allurar wata uku, wato Depo-Provera ko Sayana Press, tana jinkirta dawowar haihuwa, kuma mace kan kai wata goma ko ma shekara daga allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, ba tare da wata cuta ba. Haka nan Postinor-2 maganin gaggawa ne, yana iya matso da al'ada gaba ko ya tura ta baya, kuma bai dace a mayar da shi abin sha na yau da kullum ba.

2. Ki zaɓi ranar dainawa, kuma ki san abin da kike nufi da ita

Mafi sauƙi shi ne ki gama katin da kike kai, sannan ki ƙi buɗe sabo. Yin haka yana sa jini ya zo a lokacin da kika saba, lissafinki ya tashi daga wuri sananne. Dainawa a tsakiyar kati ba ta da haɗari ga lafiya, sai dai jini zai zo ba a kan lokacinsa ba, ya ruɗa miki lissafin salla da na kwanaki. Ba a rage ƙwaya sannu a hankali, wato a sha yau a tsallake gobe. Ana dainawa ne gaba ɗaya.

A nan ne ya kamata ke da maigida ku zauna ku yi magana a fili, domin daga ranar da kika bar ƙwaya ƙofar ɗaukar ciki a buɗe take. Wasu matan suna sakin ƙwai cikin mako biyu kacal, tun kafin su ga al'adar farko. Idan kin daina ne saboda ciwon kai ko tashin zuciya ko wani abin da maganin ke sa miki, alhali ba ki shirya haihuwa ba, to ki je sashen tazarar haihuwa kafin ranar dainawa a sauya miki wata hanya, ko ashanar hannu ko robar mahaifa ko kwaroron roba, ta yadda babu ranar da za ta wuce kina a sake. Idan kuma goyo ne a bayanki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin neman wani cikin, da wata 6 bayan ɓari. Duk wadda ta ga wahalar kwanika a gidansu ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Gargaɗi: Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Idan an sadu a kwanakin ƙarshe sannan kika watsar da kati a farkonsa, ciki zai iya shiga daga wannan saduwar. Kuma kada ki mayar da abin wasa, ki daina wannan wata ki koma wata mai zuwa, domin haɗarin daskarewar jini a jijiya, duk da ƙarancinsa, ya fi yawa a watannin farko na fara ƙwaya mai sinadari biyu ko komawa gare ta bayan hutu.

3. Ki fara folic acid, ki duba lafiyarki

Idan ciki kike nema, wannan mataki ya riga dainawa. Ki fara shan folic acid tun wata ɗaya zuwa uku kafin ki bar ƙwayar, ki ci gaba har ciki ya kai mako 12 aƙalla. Ma'aunin da aka saba shi ne maikirogiram 400 a rana. Dalilin gaggawar shi ne lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne a cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da yawancin mata ba su ma san suna da juna biyu ba. 'Yar ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa da aka fi samu a kemis ɗinmu yawanci mai miligiram 5 ce, wadda ita ce ake rubuta wa masu sikila da masu ciwon suga da masu shan maganin farfaɗiya da wadda ta taɓa haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya. Ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya wadda kika saya ta gaya miki ko ita ce ta dace da ke.

A wannan zuwan ki nemi a auna hawan jini da yawan jininki. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, kuma gyara shi kafin ciki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan ke da maigida ba ku san rukunin jininku na sikila ba, ku yi gwajin yanzu.

Gargaɗi: Mai shan maganin hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya ko na taɓin hankali kada ta bar ƙwayar tazara sai ta ga likitanta. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna cutar da ɗan tayi, kuma likita ne zai sauya su da waɗanda ba sa cutarwa. Kada kuma ta dakatar da su da kanta.

4. Ki rubuta jinin farko, amma kada ki ɗauke shi al'ada

Idan mai sinadari biyu kike sha, kwana biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar ƙarshe mai magani za ki ga jini, irin wanda kika saba gani a ƙarshen kowane kati. Wannan jini janyewar magani ce ta kawo shi, bai nuna cewa kin saki ƙwai ba. Al'adarki ta ainihi ita ce wadda za ta biyo baya, yawanci bayan mako huɗu zuwa shida, a wasu matan kuma ta kai wata biyu ko uku kafin ta daidaita.

Daga yau littafinki ya fara aiki. Ki rubuta ranar ƙwayar ƙarshe, ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, yawan audugar da kika sauya a yini, da kuma ranakun saduwa, ko da da 'yar alama ce da ke kaɗai kika san ma'anarta. Ranar farko ta jini ita ce rana ta ɗaya a lissafi. Zagayen al'ada mai lafiya yana tsakanin kwana 21 zuwa 35, kuma jinin bai cika wuce mako guda ba. Mata da yawa a nan da watan Musulunci suke lissafi, su ce "goma ga wata nake gani." Babu laifi, sai dai ki tsaya a kan kalanda ɗaya, domin gauraya watan sama da na bature kan sa mace ta ga kamar ta yi ɓatan wata alhali kwananta bai cika ba.

Wannan rubutu zai yi miki amfani ta fuskar ibada ma. A watannin farko jini kan zo ya ɗauke ya dawo, ko ya zarce kwanakin da kika saba, kuma idan kin je tambayar hukuncin haila da jinin ciwo wurin malama a Islamiyya, kwanaki za ta tambaye ki. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, amma ta fuskar lafiya kada ki jira ya kai haka kafin ki zo asibiti.

Gargaɗi: Jinin da ke jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya har sau biyu ko uku a jere, ko mai fitowa da manyan gudaji, ko wanda ya haɗu da jiri da bugun zuciya, na zuwa asibiti ne a ranar.

5. Ki san canje-canjen da ba ciki ba ne

Ƙwaya tana riƙe sinadaran jiki a ma'auni ɗaya kullum. Da ta fita, ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai sai su koma aikinsu na hawa da sauka, kuma jiki yana jin wannan komawar. Duk abin da kike fama da shi kafin ki fara ƙwaya yana iya dawowa. Mai ciwon mara za ta sake jin sa, mai yawan jini za ta ga ya ƙaru, mai ƙurajen fuska za ta ga sun feso a haɓa da goshi, fata ta yi maiƙo. Wasu sukan ga gashi yana zuba a mataji wata biyu zuwa huɗu bayan dainawa, kuma yana tsayawa da kansa. Farin ruwan gaba yana ƙaruwa, sha'awa takan ƙaru a tsakiyar wata, kuma wadda ƙwaya ke sa wa ciwon kai ko kumburi takan ji sauƙi.

Inda ruɗun yake shi ne mako biyun da ke tsakanin sakin ƙwai da zuwan al'ada. A wannan tsakani jiki yana fitar da sinadarin da ke shirya mahaifa domin karɓar ciki, ko cikin ya shiga ko bai shiga ba. Shi ne ke sa nono ya cika ya yi tsami, mara ta yi nauyi, ciki ya kumbura, kasala da barci su yi yawa, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, wani lokaci har da tashin zuciya da kwaɗayin yaji ko tsami. Matar da ta shekara biyu ko uku a kan ƙwaya ta manta da wannan yanayi, shi ya sa idan ya dawo sai ta rantse ciki ne. Ita kanta matashiyar da na ambata a farko wannan ne ya same ta, kuma al'adarta ta zo bayan mako biyu da 'yan kwanaki.

Gargaɗi: Babu buƙatar wankin mahaifa ko wani jiƙo na "fitar da dattin magani." Garinmu ya yi suna da kayan mata, kuma ba ina kushe sana'ar kowa ba ne, amma a watannin da ciki zai iya shiga ki nisanci duk wani matsi da tsumin da ba ki san abin da ke cikinsa ba. Farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi lafiya ne, ba sanyi ba ne, kuma ba ya buƙatar kafso. Wanda ya koma ruwan ɗorawa ko kore, mai wari ko ƙaiƙayi ko zafi, shi ne za a kai asibiti a gwada.

6. Ki gane kwanakin sakin ƙwai

Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma yana rayuwa awa 12 zuwa 24 kawai. Ga mai zagayen kwana 28, wajen rana ta 14 ke nan. Ga mai kwana 32, wajen rana ta 18. Da yake zagayenki bai zauna ba tukuna, alamar jiki ta fi lissafi amfani a watannin farko. Idan ƙwai ya kusa fita, farin ruwa yana zama garai-garai mai santsi da yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwan kaza, har yana miƙewa tsakanin yatsu biyu. Wasu sukan ji ɗan tsunkuli a gefe ɗaya na mara na 'yan awoyi. Ki rubuta ranar. Daga ita ki ƙirga kwana 14, a nan ne za ki sa ran al'ada ko ki fara tunanin gwaji.

Mai neman ciki ba sai ta takura kanta da maigida da ranar ƙa'ida ba. Saduwa kowane kwana biyu ko uku ta wadatar. Ga mai abokiyar zama, wadda rabon kwana ke iya sa ta kuskure waɗannan ranaku, sanin alamar yana taimaka mata ta fahimci dalilin da ya sa wani watan ke wucewa, ta daina zargin kanta ko zargin maganin da ta sha.

7. Alamomin da suka fi karkata ga ciki

Babbar alama ita ce ɓatan wata. Sauran suna ƙarfafa zato ne kawai. Ciwon nonon da ke zuwa kafin al'ada yana sauka da zarar jini ya zo, na ciki kuwa yana ci gaba, kan nono ya ƙara duhu, jijiyoyi su fito. Laulayi na sosai, da amai da tara miyau da ƙin warin girki ko turare, yawanci sai ciki ya kai wajen mako shida daga al'adar ƙarshe, don haka tashin zuciyar da ya zo kwana uku bayan saduwa ba laulayi ba ne. Akwai yawan fitsari ba tare da zafi ba, da gajiyar da ba ta yi daidai da aikin da kika yi ba. Wasu kuma sukan ga ɗan ɗigon jini ruwan hoda ko ruwan ƙasa, kwana 6 zuwa 12 bayan sakin ƙwai, lokacin da cikin ke manne wa mahaifa. Bai kai al'ada yawa ba, kuma kwana ɗaya ko biyu yake yi. Mata da dama suna da ciki ba tare da sun ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Gargaɗi: Zazzaɓi ba alamar ciki ba ne. A damina, da kuma bayanta lokacin da sauro ya yi yawa, kasala da ɗacin baki da amai sun fi kama da maleriya, kuma a watannin bazara zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya sa jiri da mutuwar jiki. Idan jikinki ya yi zafi ki je a gwada jini, kuma ki faɗa da bakinki cewa kin bar ƙwaya, mai yiwuwa kina da ƙaramin ciki. Wannan jimla guda ki riƙa faɗinta a gaban duk mai ba ki magani, likita ne ko mai kemis. Kada ki sha Fansidar a watanni ukun farko, tetracycline da doxycycline kuwa ki nisance su duk tsawon cikin, kuma domin ciwon jiki ki tsaya a kan farasitamol ki bar ibuprofen da diclofenac.

8. Ki yi gwajin fitsari a ranar da ta dace, ta hanyar da ta dace

Tsinken yana neman wani sinadari ne da ake kira hCG, wanda jiki ba ya fara fitarwa sai bayan ciki ya manne, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya taru a fitsari. Idan al'adarki ta riga ta daidaita, ki gwada daga ranar da ya kamata ta zo ba ta zo ba, kuma jinkirta kwana uku zuwa bakwai yana ƙara tabbas. Idan ba ki ga al'adar ainihi ba tun da kika bar ƙwaya, ki ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe sannan ki gwada. Idan saduwa na ci gaba kuma al'ada shiru, ki riƙa gwadawa duk bayan mako biyu zuwa uku. Ƙwayar da kika sha a baya ba ta shafar sakamakon.

Wajen saye, ki duba ranar lalacewa a jikin takardar, ki tabbatar ba ta huje ba. Ki saya a kemis mai inuwa, ki guji wanda aka shanya a tire a rana a bakin kasuwa ko tasha, domin zafi yana kashe tsinken. A gida ma kada ki ajiye shi a taga ko kusa da murhu.

Ki yi amfani da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha ruwa mai yawa. Ki tara a busasshen kofi wanda babu sauran sabulu a cikinsa. Ki yage takardar a lokacin, ki riƙe tsinken ta gefe mai launi, ki tsoma ɗaya gefen mai kibiya har zuwa layin da aka rubuta MAX, kada ya wuce. Ki riƙe na 'yan daƙiƙun da takardar ta faɗa, ki ciro ki kwantar a busasshen wuri, ki duba agogo. Yawanci ana karantawa bayan minti uku zuwa biyar. Layi biyu na nufin akwai ciki, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Layi ɗaya a sama na nufin tsinken ya yi aiki amma bai ga ciki ba. Idan babu layi ko ɗaya, ko na ƙasa kaɗai ya fito, tsinken ya lalace, sai a sake da wani.

Kurakuran da na fi gani su ne gaggawar gwadawa, da gwadawa da yamma bayan an sha ruwa da kunu yini guda, da nutsar da tsinken gaba ɗaya, da kuma komawa a tono shi daga shara bayan awa ɗaya. Layin da ya bayyana bayan minti goma inuwar bushewar fitsari ce, ba a aiki da shi. Idan layi na biyu ya yi rauni ƙwarai, ki sake bayan kwana biyu ko uku, domin a farkon ciki sinadarin yana ninkuwa a kusan wannan tsakani, kuma layin zai ƙara fitowa. Idan har yanzu kina shakka, gwajin jini a ɗakin gwaji ya fi saurin ganowa.

Gargaɗi: Gwajin gishiri da na man goge baki da na bilic da ake yaɗawa a TikTok da Facebook ba su da tushe, na bilic ma hayaƙinsa yana cutarwa. Kakanninmu suna duba ido da tafin hannu da wuya, wani lokaci su dace, amma ba a fara magani ko a bar shi bisa wannan. Wadda ta yi ɓari ko ta haihu a 'yan makonnin nan, da wadda aka yi wa allurar hCG wajen neman haihuwa, za su iya ganin layi biyu ba tare da sabon ciki ba.

9. Idan layi biyu ya fito

Ki ci gaba da folic acid, ki je ki yanki katin awo tun cikin bai wuce mako 12 ba, ko a cibiyar lafiya ta unguwarku ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san kunyar ƙaramin ciki, musamman na fari, da al'adar ɓoye shi har sai ya fito, amma ɓoye wa maƙwabta daban, ɓoye wa ungozoma daban. Ki tafi da littafinki. Ana lissafin ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, mako 40, kuma idan kin ɗauka kafin ki ga al'adar ainihi, hoton ciki ne zai faɗi kwanakinsa. Wannan ne kawai dalilin da ya sa wasu ma'aikata ke cewa a jira al'ada ɗaya kafin a nemi ciki. Cikin da ya shiga a watan farko lafiyarsa ƙalau, haka wanda aka sha 'yan ƙwayoyi a kansa ba da sani ba. Kada ki yi gaggawar hoto a ranar da kika ga layi, domin kafin mako shida zuwa bakwai bugun zuciya ba ya fitowa, sai ki biya kuɗi ki koma gida da fargaba.

Gargaɗi: Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini, da ciwon kan kafaɗa, da jiri ko suma, alamu ne na cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki cikin awoyi. Ko tsakar dare ne a nufi babban asibitin da ake tiyata, kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye.

10. Idan layi ɗaya ne kuma al'ada ba ta zo ba

Ki sake gwaji bayan mako guda. Idan har wata uku suka cika daga ƙwayar ƙarshe ba ki ga jini ba, kuma gwaji yana nuna babu ciki, ki ga likitan mata. Galibi abin da ake samu matsala ce da ta riga ƙwayar, wadda jinin ƙarshen kati ya lulluɓe ta tsawon lokaci: ƙananan ƙulli a ma'ajiyar ƙwai da ke zuwa da ƙiba da gashin haɓa, ko yawan sinadarin ruwan nono, wanda alamarsa ita ce nono na tsatsa alhali ba a shayarwa, ko ciwon maƙoƙo, ko rama mai yawa, ko damuwa. Shayarwa ma tana riƙe al'ada, amma mai shayarwa tana iya ɗaukar ciki kafin ta ga jini, musamman idan yaro ya wuce wata shida ko ya fara cin abinci. Galibin waɗancan matsaloli ana gano su da gwajin jini da hoto, kuma ana maganinsu.

Gargaɗi: Kada ki sayi maganin "kawo al'ada" a kemis, ko allura ko ƙwaya, kuma kada ki sha kanwa ko jiƙo domin jini ya sauko. Idan akwai ƙaramin cikin da tsinke bai kama ba, kin jefa shi da kanki cikin haɗari. Haka kuma idan wata dattijuwa ta ce miki "ɗiyata, kwantaccen ciki ne, ki bar shi zai tashi," ki amsa mata da ladabi, sannan ki je a yi hoto.

Idan kuwa al'ada tana zuwa daidai amma ciki bai samu ba, ki ba wa kanki lokaci. Kimanin mata takwas cikin goma suna samun ciki a cikin shekarar farko bayan barin ƙwaya, daidai da waɗanda ba su taɓa sha ba. Wadda ba ta kai shekara 35 ba ta nemi bincike bayan wata 12 ana ƙoƙari, wadda ta kai 35 ko ta haura kuma bayan wata 6. Ranar da za ki je, ki roƙi maigida ya raka ki, domin gwajin maniyyi yana cikin na farko da likita zai rubuta, ya fi naki sauƙi da araha, kuma kafin a ba da shi ana buƙatar ya ƙaurace wa saduwa na kwana biyu zuwa bakwai.